Murya ta Huɗu

A 1987 kamfanin Imagine da ke Manchester a Ingila ya fitar da wasan Arkanoid na kwamfutar Commodore 64. Wasan kansa ba sabon abu ba ne, domin kamfanin Taito na Japan ne ya ƙirƙiro shi shekara guda kafin nan: ƙwallo, da ɗan faranti da ake tare ta da shi, da jerin tubala da ake farfasawa. Abin da ya tsayar da masu kunnen kiɗa shi ne sautin da ke tashi kafin a fara wasan. Wanda ya tsara shi, Martin Galway, haifaffen Belfast ne, shekarunsa 21 a lokacin. Duk wanda ya kasa kunne zai iya ƙirga muryoyi uku suna tafiya, kowace da layin da take bi. Amma a ƙarƙashinsu akwai wani bugu mai kaushi irin na ganga, kuma ba ya jiran wata murya ta yi shiru kafin ya shigo.

Ga inda gizo ke saƙar. Duk sautin da ke fita daga Commodore 64 yana fitowa ne daga ɗan baƙin abu guda mai ƙafafu 28, irin wanda masu gyaran rediyo ke kira aisi. Sunansa SID, lambarsa 6581, kamfanin MOS Technology ne ya ƙera shi. Injiniyan da ya zana shi a 1981, Bob Yannes, ya ba shi muryoyi uku, kuma uku ɗin ne a rubuce cikin littafin da ake sayar da kwamfutar da shi tun da ta shiga kasuwa a watan Agusta na 1982 a kan dala 595. Kowace murya tana iya fitar da ɗaya daga siffofin sauti huɗu: mai kusurwa uku, mai haƙoran zarto, mai hawa da sauka kai-tsaye, da kuma shuuu irin na rediyon da bai kama tasha ba. Babu wurin da aka tanada don a saka sautin da aka naɗa daga waje a sake kunna shi. To daga ina gangar ta fito?

Ba a gama da wannan tambaya ba sai ga wata ta biyo ta. Wajen ƙarshen shekarun 1980, waɗanda suka sayi sabbin Commodore 64 suka fara ƙorafi. Kaset ɗaya, wasa ɗaya, amma a gidan aboki mai tsohuwar kwamfuta ganga na tashi sosai, a nasu gidan kuwa sai an manna kunne a lasifika kafin a ji alamarta. Muryoyin nan uku suna nan lafiya lau. Ta huɗun ce kawai ta dusashe. Ruwa ba ya tsami banza, kuma duk amsar da za a ba tambayar farko dole ta iya warware ta biyun.

Wanda aka fara zargi shi ne saurin hannu, domin makaɗan wannan inji sun daɗe suna yaudarar kunne da shi. A Turai hoton talabijin yana sabuntuwa sau 50 a daƙiƙa, kuma a kowane sabuntawa manhajar kiɗa tana samun damar canza abin da muryoyin ke yi. Idan makaɗi yana son sautuka uku su tashi tare amma murya ɗaya ce ta rage masa, sai ya sa ta riƙa tsalle tsakaninsu, wannan, wancan, na ukun, ta dawo, da saurin da kunne ba zai iya rarrabe su ba. Wannan karkarwa ita ce tambarin kiɗan ciptun, wato kiɗa mai amon irin waɗannan aisi, har yau. Haka ma ganga: Rob Hubbard, wanda kiɗansa na wasan Monty on the Run ya yi tashe a 1985, yakan ari muryar da ke riƙe da sautin ƙasa na ɗan ƙiftawar ido, ya juya ta zuwa shuuu don ta ba da bugu, ya mayar da ita kan aikinta kafin mai sauraro ya lura. Dabara ce mai kyau, amma aro ne, kuma aro yana barin gurbi. A daidai lokacin da gangar Hubbard ta buga, muryar da aka ara ta bar layinta. A Arkanoid babu wannan giɓin. Ƙari a kan haka, da aro ne, da sabuwar kwamfuta ta buga shi daidai da tsohuwa, tunda muryoyinta uku ba su da wata matsala.

Akwai kuma shaidar da ta girmi Arkanoid, wadda ta rushe zancen aro gaba ɗaya. Tun 1984 wasan Impossible Mission na kamfanin Epyx yana buɗewa da muryar mutum, mugun cikin wasan, tana magana da Turanci, kuma idan ɗan wasan ya faɗa rami sai a ji ihu na gaske. A wannan shekarar ma wasan Ghostbusters na Activision yana kiran sunansa da baki, har da dariya. Wani kamfani a Berkeley ta jihar Kalifoniya, Electronic Speech Systems, shi ya samar da waɗannan muryoyi. Babu yadda za a jujjuya haƙoran zarto da shuuu sau 50 a daƙiƙa su zama muryar ɗan Adam mai numfashi da amo. Kuma waɗannan muryoyi su ma sun dusashe a sabbin kwamfutoci, tare da gangar Galway. Ke nan hanya ɗaya suka biyo.

Ko akwai wani aisi na daban da aka ɓoye? A wasu injuna an yi haka, ana dasa ƙarin aisin sauti a cikin akwatin wasan da ake cusawa. Amma waɗannan wasanni a kaset da faifai aka sayar da su, kuma kaset lambobi kawai yake ɗauke da su. Ko sautin yana bi ta ƙafa ta 26 ta SID, wadda aka tanada don shigo da sauti daga waje? A gidajen da ake jin gangar babu wanda ya jona komai a wurin. Sai dai a riƙe wannan ƙafa a zuci, za ta dawo cikin labarin ta wata fuskar.

Da zato ya ƙare, abin da ya rage shi ne a leƙa cikin manhajar a ga umarnin da take aika wa aisin. Ana magana da SID ne ta gurabe 29 da ke jere daga adireshi 54272 a ma'adanar kwamfutar. Kowace murya tana da gurabe bakwai: na kaifin sauti, na siffarsa, na yadda zai tashi da yadda zai mutu. Manhajar kiɗa ta yau da kullum tana zagaya waɗannan gurabe sau 50 a daƙiƙa, ta ajiye sabbin lambobi, ta koma. A wasannin da ke da murya ta huɗu akwai wani ɗan guntun umarni na daban, wanda agogon cikin kwamfutar ke tayarwa sau dubbai a daƙiƙa. Ba ya taɓa gurbin kowace murya. Wuri ɗaya yake rubutu, adireshi 54296.

Wannan gurbi kuwa ba na kiɗa ba ne. Shi ne makunnin ƙara na aisin gaba ɗaya. Rabinsa na ƙasa, bit huɗu, yana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 15: sifili shiru, 15 ƙarshen ƙara. Rabinsa na sama yana zaɓar irin matatar da sauti zai bi, kuma masu gangar ba su damu da shi ba. Yawancin makaɗa sukan sa 15 a farkon kiɗa su manta da wurin. Waɗannan kuwa sai murɗa shi suke yi, 8, 13, 15, 11, 4, 0, 6, ba hutawa.

An kama hannun da ke aikin, amma hankali bai kwanta ba, don bisa ƙa'ida wannan bai kamata ya haifar da sauti ba. Makunnin ƙara ba ya ƙirƙirar komai, abin da ke wucewa ta cikinsa kawai yake ragewa ko ya ƙara. Ka je famfon da aka ɗauke wa ruwa ka yi ta murɗa kansa dama da hagu, ɗigo ɗaya ba zai fito ba. Lokacin da mugun Impossible Mission ke magana, ba a bukatar ko ɗaya daga muryoyin uku ta buɗe baki. Idan babu abin da ke wucewa, me ake ragewa, me ake ƙarawa?

Gwajin da ke warware wannan yana da sauƙin da yaro zai iya yi, kuma yara da yawa sun yi shi. A kunna tsohuwar Commodore 64, ba wasa, ba kiɗa. A rubuta POKE 54296,15 a danna. Lasifika za ta ce ƙas. A rubuta POKE 54296,0. Ta sake cewa ƙas. A haɗa umarnin biyu a layi ɗaya a sa su yi ta maimaituwa, sai ƙas-ƙas ɗin su haɗe su zama gurnani. Ashe famfon ba a bushe yake ba. Akwai ruwa a tsaye a bayansa yana danno shi ko da yaushe.

Wannan ruwan wutar lantarki ce da ke zaune a hanyar fitar sautin 6581 ko da muryoyinsa sun yi tsit. Da a ce aisin ya fito yadda ake so a takarda, shiru zai zama sifili. A 6581 shiru ba sifili ba ne, wani tsayayyen ƙarfin lantarki ne da ke yoyo daga sassan da ke juya lambobi su zama sauti, da kuma inda ake gauraya muryoyin. Ba a jin sa saboda ba ya motsi. Kunne motsi yake ji: takardar lasifika ta turo iska gaba, ta ja baya, ta sake turowa. Akwai ma kondensa a bakin hanyar wadda ke tare duk wutar da ke tsaye, ta bar mai canzawa kawai ta wuce. Amma da zarar an sauke ƙara daga 15 zuwa 0, wutar nan ta faɗi daga sama zuwa ƙasa a lokaci guda, faɗuwar ta ratsa kondensa, takardar lasifika ta zabura. Shi ne ƙas ɗin.

Daga nan sauran lissafi ne. Matakai 16 na ƙara suna nufin wurare 16 da za a iya tura takardar lasifika. Idan aka naɗi bugun ganga, aka auna tsayin igiyar sautinsa sau 8,000 a kowace daƙiƙa, aka mayar da kowane awo lamba tsakanin 0 da 15, sannan aka zuba lambobin cikin gurbi 54296 da wannan saurin, lasifika za ta bi sawun motsin da gangar ta yi wa iska. Abin da ake kira samfur ke nan a wannan sana'a, kuma faifan CD ma haka yake aiki, sai dai shi matakansa 65,536 ne, yana awo sau 44,100 a daƙiƙa. Tazarar da ke tsakanin 16 da 65,536 ita ce kaushin da ake ji a muryar mugun nan da kuma ihun mai faɗawa rami.

Galway da kansa ya ba da labarin yadda ya kai ga wannan a wata hira, kuma labarin ya ƙara wa al'amarin wani lanƙwasa. Ya ce ya buɗe cikin wata manhajar ganga mai suna Digidrums ya ga gurbin ƙara kawai take kaɗawa, amma bai gano inda ta samo lambobin ba. Shi kuma ba shi da naɗaɗɗen sautin ganga a hannu. Sai ya rubuta umarnin da ke ƙirƙiro lambobin nan take yayin da kiɗan ke tafiya. Wato gangar Arkanoid, wadda mutane da yawa suka ɗauka naɗaɗɗiya ce, ba a taɓa buga ta a gaban makirfo ba. Sai bayan wasan ya shiga kasuwa ya samu samfuran ganga na gaske. Ni dai na fi son ta farkon. Ba ta yi kama da kowace ganga ta duniya ba, kuma saboda haka ta zauna daidai da muryoyin da ke samanta, tamkar daga maƙogwaro ɗaya suka fito.

Dabarar tana da tsada, kuma tsadar ce ta bayyana wasu abubuwa da 'yan wasa suka lura da su ba tare da sanin dalili ba. Ƙwaƙwalwar Commodore 64 ta Turai tana bugawa kusan sau 985,000 a daƙiƙa. A raba wannan da 8,000, ya zama bugu 123 kacal tsakanin lamba da lamba, kuma cikinsu ne za a ajiye aikin da ake yi, a ɗauko lamba, a rubuta ta, a koma. Aisin hoto ma yakan ƙwace wa ƙwaƙwalwar hanya lokaci-lokaci, ya sa lamba ta makara, makarar kuma ta fito a sauti. Shi ya sa aka fi jin murya ta huɗu a shafin farko na wasa, inda ba abin da ke motsi sosai, kuma shi ya sa wasanni da yawa kan daskare yayin da ake magana. Wurin ajiya ma haka: lamba biyu ke shiga bait ɗaya, ke nan daƙiƙa guda tana cin bait 4,000, kuma duk ma'adanar kwamfutar ba za ta ɗauki fiye da daƙiƙa 16 ba ko da an fitar da wasan an yar. Sannan tunda makunnin da ake murɗawa shi ne na kowa, muryoyin uku na asali suna hawa da sauka tare da gangar, su ɗan shaƙe duk lokacin da ta buga. Makaɗa sun karɓi wannan duka. Hubbard ya saka kukan gita na lantarki a Skate or Die, Jeroen Tel na Holan ya cika Turbo Outrun na 1989 da samfura.

Yanzu tambaya ta biyu ta kusa amsa kanta, amma ita ma ta ɗan ɓatar da mutane. A 1986 Commodore ya sauya wa kwamfutar riga, ya fitar da C64C mai fari-fari kuma siririya. Aka ɗauka sabuwar riga ce alamar bebantaka. Sai aka samu masu sabuwar riga da ke buga ganga lafiya, domin na farko-farkonsu tsohon allo ne a ciki. Sai an kwance murfi an karanta lambar da ke bayan aisin. Inda aka ga 6581, ganga na nan. Inda aka ga 8580, ta tafi. Shi 8580 sabon zubi ne na SID, da wata hanyar ƙira ta daban, yana cin volt 9 maimakon 12, matatarsa ta fi bin ƙa'ida, kuma yoyon nan an kusa toshe shi gaba ɗaya. Injiniyoyin sun yi aikinsu da kyau, sun kawar da ƙas ɗin da bai kamata a ce yana nan ba tun farko. Garin neman gira aka rasa ido: da shiru ya koma kusa da sifili, murɗa makunni ya daina motsa komai.

Hujjar da ta rufe bakin kowa ita ce an iya dawo da muryar ta hanyar dawo da yoyon. Nan ƙafa ta 26 ta sake shigowa. Masu gyara suka gano cewa idan aka liƙa rizisto mai ƙarfin 'yan ɗaruruwan kilo-om da dalma tsakanin wannan ƙafa da layin ƙasa na allon, wata tsayayyiyar wuta za ta shiga inda ake gauraya sauti, ganga ta farfaɗo. Masu rubuta manhaja kuma suka samo tasu hanyar ba tare da taɓa dalma ba: a ɗauki ɗaya daga muryoyin uku, a ba ta siffa mai hawa da sauka, a danne ta a sama kada ta sauko, sai ta zama ita ce wutar da ke tsaye. An samu ta huɗu, amma an sadaukar da ɗaya daga ukun.

Wannan ya bar wa masu adana tarihi aiki. Taskar High Voltage SID Collection, wadda masu sha'awa suka fara tarawa a 1996, ta haura kiɗa 50,000, kuma a kan kowane fayil akwai wurin da ake nuna aisin da aka tsara kiɗan dominsa. Masu rubuta manhajojin da ke kwaikwayon SID a kwamfutocin yau, irin su reSID na Dag Lem, dole suka kwaikwayi yoyon shi ma, don in sun bi littafin aisin kawai, Arkanoid zai fito ba ganga. A VICE, manhajar da ke kwaikwayon Commodore 64 ɗin gaba ɗaya, har akwai zaɓi na 8580 da aka yi wa gyaran rizisto.

Murya ta huɗu ba ta tsaya a hannun ƙwararrun kamfanonin wasa ba. A 1986 mujallar 64'er ta Jamus ta buga wata manhaja ta Chris Hülsbeck mai suna Soundmonitor, wadda ta jera kiɗa a layuka daga sama zuwa ƙasa, kowane layi da sautinsa da lambobinsa, ta yadda wanda bai iya rubuta umarnin inji ba zai iya tsara kiɗa. Wasu matasa a Holan, Dutch USA-Team, suka ɗauke ta suka ƙara mata layin ganga da ke bi ta gurbin ƙara, suka kira ta Rockmonitor. A 1987 kuma wani Bajamushe, Karsten Obarski, ya fitar da Ultimate Soundtracker a kwamfutar Amiga, kuma daga ita ne irin waɗannan manhajoji suka samu sunan tiraka. Amiga ba ta bukatar wata dabara: aisinta, Paula, an gina shi ne don samfura, tashoshi huɗu, kowace mai matakai 256, kuma yana ɗebo lambobin da kansa ba tare da ya dami ƙwaƙwalwa ba. Shafin tiraka layi 64 ne, ginshiƙi huɗu, lokaci yana gangarowa ƙasa. Da makaɗan Amiga suka bukaci kiɗa ƙarami da zai shiga 'yan kilobait, sai suka riƙa yanka samfur ƙanƙani ƙwarai, zagaye ɗaya na igiyar sauti, su sa shi ya yi ta maimaituwa har ya yi amo irin na SID, su ɗora masa karkarwar nan. Irin waɗannan ne aka fara kira ciptun. Yannes kuwa ya bar Commodore ya shiga cikin waɗanda suka kafa Ensoniq, kamfanin da ya fitar da Mirage a 1984, ɗaya daga injunan samfur na farko da makaɗi mai matsakaicin hali zai iya saya.

A Game Boy na Nintendo, wanda ya fito a 1989, an sake buga irin wannan wasa da wani gurbi na daban. Tashoshinsa huɗu ne: biyu masu hawa da sauka, ɗaya ta shuuu, ɗaya kuma mai ɗan wurin ajiya na bait 16 inda makaɗi ke zana siffar sautinsa da ɗigo 32, kowane ɗigo tsakanin 0 da 15. An yi wurin ne don a zana siffa ɗaya ta yi ta zagayawa. Johan Kotlinski na Suwidin, wanda ya fitar da tiraka mai suna LSDJ a 2000, ya sa manhajarsa tana goge ɗigon 32 ta zuba sababbi da zarar an gama karanta su, sama da sau 300 a daƙiƙa. Da haka gangunan injunan Roland irin su TR-808 suke fitowa daga abin da ke aiki da batir huɗu, ana tsara su da maɓallan da aka yi don tsalle da harbi. Matakai 16 ne a nan ma, kuma tunda sai an kashe tashar na ɗan lokaci kafin kowane zubi, akwai wani siririn zuzu da ke rakiyar gangar, wanda masu kunne ke gane LSDJ da shi.

Saura abu ɗaya da binciken ya wuce ta kansa: rabin sama na gurbi 54296, bit huɗun da ke zaɓar matata da kashe murya ta uku. Shekaru da yawa ana ɗaukar 16 a matsayin iyakar wannan gurbi. Wanda ya koma kansa shi ne Pex Tufvesson na Suwidin, wanda aka fi sani da Mahoney, ɗaya daga mutum biyu da suka rubuta NoiseTracker ta Amiga a 1989. Tunaninsa shi ne, idan aka danne muryoyin uku duka suka zama tsayayyiyar wuta, aka bi da wasunsu ta cikin matata, to kowane sauyi a rabin sama zai canza yawan wutar da ke isa makunnin ƙara, wani ya ƙara ta, wani ya rage, wani ma ya juyar da ita ƙasa da sifili. Ke nan gurbin yana da haɗi 256, ba 16 ba. Sai dai ba a jere suke ba, kuma littafin aisin bai faɗi abin da kowane zai fitar ba. Sai ya auna su ɗaya bayan ɗaya a kan aisi na gaske masu yawa, ya jera su daga mafi ƙasa zuwa mafi sama, ya yi jadawalin da ke cewa in kana son wannan tsayi, rubuta wannan lamba. Da yake 6581 da 8580 ba sa amsawa iri ɗaya, kowane da nasa jadawalin, kuma dabarar tana aiki a kan duka biyun ba tare da dalma ba.

Ya nuna sakamakon a taron Datastorm na birnin Gothenburg a 2014, cikin wani aiki mai suna Musik Run/Stop: sauti mai kusan bit 8, ana zuba shi sau 44,100 a daƙiƙa, daga kwamfutar 1982 da ba a ƙara mata komai ba. A wannan saurin bugu 22 kawai ƙwaƙwalwar ke da shi tsakanin lamba da lamba, kuma ɗanyen sauti zai cinye ma'adanar duka cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Duk mai son yin cikakken kiɗa da wannan hanya sai ya matse sautin matuƙa, ko ya yanka shi gajeru-gajeru ya jera a layukan tiraka yana maimaitawa, kuma muryoyin uku na Yannes ba za su rera komai ba muddin ana yi, don su ne ke riƙe da wutar.